Gyaran Ƙafar Kunkuru Kafin Gulbi Ya Kawo

Kwanakin baya wani jikana ya zo gaishe ni. Yana zaune a gefen tabarmata wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, na ji da kunnena yana gaya wa surukinsa, uban matarsa fa, cewa cikin matar ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ta rage gishiri. Bai sunkuyar da kai ba, bai rage murya ba, har da 'yar dariya. Ni da ba ni na yi maganar ba, ni na rasa inda za ni sa idona. Da ya gama na tambaye shi ko za a kai yarinyar gidan iyayenta goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Ya dube ni ya ce, "Kaka, ta wace hanya?" Gaskiya ya faɗa. Hanyar da ta haɗa Sabon Birni da Isa, wadda na sani kamar yunwar cikina, yau mutum ba ya hawanta sai ya yi sallama da iyalinsa sallama ta gaske. A zamaninmu rami muke tsoro, da yashi, da gulbi in ya kawo. Yanzu direba ba ƙasa yake duba ba, daji yake duba. Tun ranar nan hankalina ya ƙi kwanciya, yana ta komawa wata damina da ni ma na tsaya da irin wannan tambaya a bakina, ga hanya a buɗe amma ba ni da bakin faɗa.

Lokacin ina matashi, ban daɗe da fara tsayar da gemu ba, kuma ina tuƙa mota, abin da ba kowa ke yi ba a garinmu. Ƙaramar motar nan ce mai ƙusumbi da ake ce wa kunkuru, injinta a baya, wurin kayanta a gaba, kamar wanda ya sa riga a baibai. Mahaifina ya saye ta a hannun wani malamin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunmu. Ba ta shan ruwa, mai kawai take sha, shi ya sa tsofaffi ke cewa ba kunkuru ya kamata a kira ta ba, raƙumi. Tun daga bayan gari ake gane ƙararta, fat-fat-fat, mata su tsayar da taɓarya su ce ga ɗan gidan wane nan ya dawo. Kullum bayan sallar asuba, kafin in kai wa awaki harawa, sai na goge ta da tsumma, na zaro ƙarfen duba mai, na zagaya tayoyi ina shurinsu ɗaya bayan ɗaya. In ta yi gardamar tashi, maƙwabta su fito da buta a hannu su tura. Mahaifina yakan ce, "Dabba ta. In kac ci amanatta, ita ma tana cin taka." Ni kuwa sai in ce to, in juya in cire kujerar baya in danƙara mata goro da gishiri da atamfa, in tsallaka iyaka, in dawo da dabino da kanwa. Haka kowane ɗan kasuwa yake yi, ba wanda ke ganin laifi a ciki. A hankali ta fara ƙorafi. In ta taka rami sai a ji ƙwas daga gaba, sitiyari ya yi ta karkarwa a hannu, bayanta ya zauna ƙasa, kuma in ta fara rawa ba ta tsayawa sai ta gaji don kanta. Ƙafarta ta ƙare, kamar yadda direbobi ke cewa.

Da kaya kawai za ni ci gaba da ɗauka, da ban damu ba. Amma mai ɗakina, Allah ya haskaka makwancinta, 'yar garin Kamarawa ce, can gaba da Isa, kuma sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Na biyun shi ne ya tsaya mini a rai. An yi rasuwa a danginsu, ta hau bayan babbar mota a kan buhuna ta je gaisuwa, ta dawo tana riƙe da ƙugu, kashegari abin ya tafi. Ban manta yadda gidanmu ya yi ba ran nan, ko turmi ba a taɓa ba. Da Allah ya sake ba ta wani, sai mata suka rufe maganar ruf saboda bakin mutane, ko danginta na Isa ba a gaya wa ba. Inna, mahaifiyata, ta hana ta surfe da ɗaukar tulu, ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Ina gani da idona, ina lissafi a zuciyata, amma ko da ita kanta matar ban taɓa buɗe baki na ambaci abin ba. Yaran yanzu za su ce wauta ce. Mu kuwa haka muka tashi. Ɗan fari abin kunya ne ga uwa da uba tun yana ciki, ba a nuna an san da shi, ba a nuna ana ɗokinsa, balle a gaban iyaye, balle kuma a gaban surukai. Al'ada kuma ta ce in cikin haihuwar fari ya tsufa a mai da mace gidansu ta haihu a gaban uwarta. Ƙafa ba za ta kai ta Kamarawa ba, jaki bai taso ba, amalanken shanu ya fi babbar mota jijjiga. Kunkuru kaɗai ta rage, kuma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Bakaniken da ya san kunkuru a duk yankin nan ɗaya ne, yana Isa, ƙarƙashin wani babban dogon yaro, kuma ƙaddara ta sa ƙanen surukata ne. Kawun matata, don haka ni ma Kawu nake ce masa. A kudu ya koyo aiki a hannun wani Bayarabe, ya dawo da zagin wasan da ke tsakaninmu da Yarabawa cike da baki, amma in ba wannan ba mutum ne mai tsadar magana. Direbobi da fatake suna sonsa saboda abu ɗaya, ya iya ƙarfafa ƙafar mota ta ɗauki kayan da Baturen da ya ƙera ta bai taɓa mafarki ba. Masu gyara na yanzu ba su san wannan ba, su dai a cire tsoho a sa sabo daga kwali. A lokacin kwali ba ya zuwa, abin da ke hannu da shi ake aiki. Na isa da hantsi, na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi idona a ƙasa, ga direbobi zaune a kan tsofaffin tayoyi suna cin goro.

"Mi yas same ta?" in ji shi.

"Ƙahwa ta, Kawu. Tana ƙara, tana rawa."

Ya danna kafaɗar motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta lilo. Ya kama tayar gaba sama da ƙasa ya girgiza, ta amsa masa ƙwas-ƙwas. Ya ce, "Ka maishe ta jaki, yaro. To, bar ta nan. Za ni yi mata ƙahwar da ko duwatsu ka aza ba ta durƙusawa."

Na tattara ɗan ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Kawu, da dai a yi ta da taushi."

"Taushi?" ya ce. "Taushi sai katihwa."

Direbobi suka kwashe da dariya, wani ya ce ango dai bai gama angwanci ba. Me za ni ce? Shi bai san komai ba, ni kuma ba ni da hanyar sanar da shi.

Ya yi aikinsa yadda ya saba, kuma tsakani da Allah ya yi shi. Robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe sun cinye, sai ya yanko wasu daga tayar babbar mota, yana tsoma wuƙa a ruwa yana gurzawa. Shoka, wato bututun nan mai mai a ciki da ke shanye girgiza, ya cire nata da suka mutu ya sa na a-kori-kura masu kauri. A baya kuma akwai sandar ƙarfe mai haƙora da ke ɗauke da nauyin motar, ya zare ta ya gusa ta gaba don bayan ya tashi. Da na zo ɗauka na tarar da kunkuru ta miƙe tsaye tana taƙama. Bai yarda an yi maganar lada ba, ya ce ba a yi da ɗa. Na yi godiya na kama hanya, kuma ban yi nisa ba na san na shiga uku. Kowace tsakuwa sai na ji ta a haƙorina. Ramin da a da take lilo a cikinsa, yanzu harbo ni take yi har hulata ta bugi rufi. Goran furar da na aje a kujera ya yi tsalle ya faɗo ya fashe. Na tsayar da mota a gefen hanya na daɗe ina kallon furar nan tana bin ƙasan mota, domin ba fura nake gani ba.

Gaba kura, baya siyaki. Ba a mai da wa suruki aikin da ya yi kyauta a ce bai yi ba. Ba ni da damar kai ta wurin wani, ko da akwai wanin, don kafin in dawo gida labari ya riga ni zuwa Isa. Inna ba ta san bambancin ƙafa mai tauri da mai taushi ba, kuma don in fahimtar da ita sai na ambaci abin da ba a ambata. Sai na koma yin dabara ni kaɗai. Nakan ce za ni duba gonarmu ta wajen kufan Alƙalawa, in je can in rage iskar taya, in cika buhuna da yashi in ɗora mata. In ta sha kaya takan ɗan lafa, amma in buhuna sun cika mota ina mutum zai zauna? Ana sharar gona, ana gyaran rufin ɗakuna, iska ta juya tana kawo ƙanshin ƙasa daga gabas, kowa yana murna yana duban sama, ni kaɗai nake roƙon Allah a ɓoye hadari ya ɗan jinkirta. Domin tsakaninmu da Isa akwai gulbi, babu gada a lokacin, a kan yashi ake ratsawa, kuma in ya kawo mota ta gama wucewa sai kaka.

Ranar kasuwa wata mai daddawa daga Kamarawa ta shiga gidanmu ta daɗe a ɗakin Inna. Da yamma ina alwala, Inna ta zo ta tsaya tana kakkaɓe faifai, bayanta a gare ni.

"Kamarawa sun aiko," ta ce. "Sun ce kamin ruwa. Motarka tana tashi?"

"Tana tashi, Inna."

"To."

Iyakar maganar ke nan, kuma ta fi mini bulala zafi. Kashegari na koma Isa da wata dabara da na kwana biyu ina saƙawa. Na ce wa Kawu za ni fara fataucin ƙwan zabi, ko za a ɗan sassauta ƙafar don kada su fashe. Ya dube ni kamar ya ga sabon mahaukaci, ya ce tun kakanninmu ƙaiƙayi ake zuba wa ƙwai, in nemi ƙaiƙayi in bar masa ƙafa ta huta. Na dawo gida da la'asar. Ina shiga na tarar da mai ɗakina tana fitowa daga ɗaki, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, ɗaya a ƙugu, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta tashe ta daga barci. Ta dubi motar ta ƙofar gida, ta dube ni, ta rage murya.

"Na ga ta yi tsawo," ta ce. "Ba ta girgiza, ko?"

Wannan ita ce magana ɗaya tak da ta taɓa yi mini a kan abin, ita ma ta bayan gida ta biyo da ita. Na ga tsoron da ke idonta, irin wanda ke cikina ne. Na ce mata ana kan gyara. A daren aka yi ruwan farko, da safe gari ya watse shuka, ni kuwa na bar wa ƙannena ƙwaryar iri na kama hanyar Isa.

Na zauna a gefe har motocin kasuwa suka tashi, direbobi suka watse, ya rage daga ni sai Kawu, yana buga wani ƙarfe a kan maƙera. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na matsa na durƙusa, na kafa idona a kan wani tsohon noti da ke cikin ƙasa. Ban san muryar da ta fito tawa ce ba.

"Kawu, ba ƙwai za ni ɗauka ba. Ɗiyarku za ni kai Kamarawa. Tana da ciki, ya tsuhwa. Kun san abin da yaf faru can baya cikin babbar mota. Tsoro nika ji."

Guduma ta tsaya. Na ji kurciya tana kuka a kan dogon yaro, na ji wata mata tana kiran ɗanta a bayan katanga. Na so ƙasa ta tsage. A garinmu ba a taɓa jin wanda ya yi wa suruki irin wannan magana ba, kuma na san in ya tashi ya juya mini baya, ba wanda zai ba shi rashin gaskiya. Sannan ya aje guduma a hankali, bai dube ni ba.

"Ban ji abin da kac ce ba," ya ce. "Ɗauko mani jak."

Na ɗauko jak muka ɗaga motar, na miƙa masa sifana, sau biyu tana zame masa daga kan noti. Ya kwance aikinsa da hannunsa, robobin da ya ɓata yini yana yanka ya wurga su bayan katanga ɗaya bayan ɗaya. To amma cirewa ba ita ce wahala ba, abin da za a mayar shi ne babu. Nata na asali sun mutu, kuma ba a sayar da irinsu ko a Isa ko a Sabon Birni, sai an aika nesa a jira. Ya zauna a kan taya ya riƙe haɓa, can ya ce akwai wata kunkuru a garin Turba da injinta ya ƙone tun shekarun baya, tana nan a bayan gidan wani dattijo. Muka hau babur ɗinsa, ina riƙe da jakar kayan aiki a baya, gonaki duk sun cika da masu shuka. Muka tarar da motar ta zama akurkin kaji, har wata ta kwanta a kan ƙwai a kujerar direba. Dattijon ya tambayi Kawu me za a yi da ƙafar gawa. Kawu ya ce, "Aikin gaggawa na, Baba," bai ƙara ba, dattijon kuma bai sake tambaya ba, ya ce mu ɗauki abin da muke so mu bar masa kazarsa. Kawu ya cire shoka ya kafa a ƙasa ya danne da nauyin jikinsa, ya kara kunne yana sauraron man da ke ciki yana tsiyaya a hankali, ya gyaɗa kai. Robobin baya suna cikin murfi, rana ba ta taɓa su ba, ya danna da farce suka lotsa suka dawo. Ni dai ina tsaye ina duban gabas, inda wani hadari ke haɗuwa baƙi ƙirin.

Aikin mayarwa ya fi na farko ɗaukar rai. Hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar baya a ɗane yake kamar baka, sai an yi masa dabara da jak a sassauta shi kaɗan-kaɗan. Muna cikin yi ya kuɓuce ya sauko da ƙarfi, ya tsaga wa Kawu babban yatsa har farce ya ɗaga. Na yi salati na ce a bari sai gobe. Ya yage gefen tsumma ya ɗaure, ya ce gulbi bai san gobe ba. Ya mai da sandar nan mai haƙora inda take tun asali, ya ja baya ya duba, bai gamsu ba, ya sake zarewa ya sake gwadawa. A gaba ya canza ƙusoshin da taya ke juyawa a kansu, ya yi ta ɗura giris har baƙin da ke ciki ya fito, sabo ya biyo shi. Duk wannan ba mu yi maganar da ta wuce miƙo wannan, riƙe wancan ba. Da muka sauke ta daga jak, ya tsayar da wata Bafillata mai tallan nono, ya karɓi ƙwarya cike taf, ya mai da kujerar baya, ya shiga ya zauna, ya aje ƙwaryar a gefensa ya ce in ja. Ya sa na bi hanyar da ta fi kowace muni a bayan gari. Nono ya zuba a kujera. Na ce shi ke nan. Muka koma, ya rage iskar taya kaɗan, ya sa rabin buhun yashi a wurin kayan gaba don kan motar ya daina tsalle, muka sake fita. Wannan karon nonon ya yi ta rawa a bakin ƙwarya amma bai tsallake ba. Ya ɗauka ya sha, ya miƙo mini saura ta kan kafaɗata.

"In kag ga rami, taka birki kamin ka kai, ka sake shi in ka shiga," ya ce. "Kada ka taka cikinai. Kuma ka manta da akwai giya ta ukku."

Na koma gida da ita, muka tashi da sassafe bayan an kwana ana yayyafi. Inna ta shimfiɗa bargo da matasai a baya, ta tofa addu'a, Gwaggo ƙanwar mahaifina ta shiga ta zauna kusa da mai ɗakina. Tafiyar da nakan yi kafin rana ta yi zafi, ran nan har masu jakuna suna wuce mu suna yi mini ba'a. Ban kula su ba, idona yana kan ƙasa, ina karanta kowane rami tun daga nesa, gumi yana bin bayana. Da muka iso gulbi na ga abin da nake gudu, ruwa ya fara zuwa, ja, yana tafe da kumfa da karare, ya rufe idon sawu. Wasu masunta suka shiga gaba suna nuna mini inda yashi ke da ƙarfi. Muka ratsa lafiya. A wajen hawa gaɓa ne, inda ruwan dare ya zaizaye ƙasa ya bar rami a ƙarƙashin ciyawa, tayar baya ta ɓangaren da mai ɗakina take ta faɗa. Ban gan shi ba sam. Motar ta nutsa, ta taso, ta tsaya, sau ɗaya tak, ba ƙara. Amma na ji mai ɗakina ta ja numfashi ta riƙe. Ba ni da ikon juyawa, ba ni da ikon tambaya. Na ɗaga ido ga madubi, Gwaggo ta kama ni.

"Tuƙi anka ba ka, ba kallo ba," ta ce.

Daga nan har Kamarawa ban ji motsin kowa a baya ba, kuma ban san ko shirun na lafiya ba ne. Na tsaya a bakin rijiya nesa da ƙofar gidansu, kamar yadda ya kamata. Mata suka fito suka kewaye motar. Ta sauka da ƙafarta, ta shiga gida a tsakiyarsu, ba ta waiwayo ba, Gwaggo ta bi ta da ƙullin kaya. Da na dawo Isa aka ce gulbi ya riga ya kai ƙugu. Kawu ya ce in bar motar ƙarƙashin dogon yaro, na tsallaka a jirgin masunta na ƙarasa gida a ƙasa.

Daminar nan ita ce mafi tsawo a rayuwata. Muka yi noma, muka yi maimai, gero ya rufe mutum, ni kuwa kunnena yana ƙofar gida. Gwaggo ta dawo ta yi magana da Inna a ɗaki, ni ta wuce ni da sannu da aiki. Duk baƙon da ya yi sallama da ƙafa jiƙe, alamar ya tsallako gulbi, sai in aje abin da ke hannuna in kasa kunne. Na san yadda irin labarin nan ke zuwa, a zaure ake faɗarsa gaban mahaifina da dattawa. In alheri ne, tashi za ni yi in fita da busasshiyar fuska kamar ba ni aka yi wa ba. In akasin haka ne, haka ma za ni yi. Kullum ramin nan na gaɓar gulbi nake gani, ina sake shigarsa a zuciyata, ina tambayar kaina ko da na ɗan karkata hagu.

Wata safiya ina wasa fartanya wani masunci ya leƙo ya ce Kawu na Isa ya ce in zo yanzu, akwai notin da ya kwance a motata. Motar da ke tsaye tun farkon damina, wane noti zai kwance mata? Na san kira ne kawai, kuma na san ba a kiran mutum haka don a yi masa albishir. Ban san yadda na tsallaka gulbi ba. Na isa na tarar da wurin cike da direbobin da ruwa ya tsare, ana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na saci kallon fuskarsa, ban karanta komai ba. Ya miƙo mini sifana.

"Shiga ƙarƙashi," ya ce. "Wajen shoka ta baya. Ɗaure shi."

Na kwanta na ja jiki na shige. Na lalubo notin, na aza sifana, a ɗaure yake tamau. Daga inda nake ba na ganin komai sai ƙafafun mutane, su ma ba sa ganina. Sai na ji Kawu ya gyara murya yana magana da mai shayi, da ƙarfin da ban taɓa jin ya yi magana da shi ba.

"Af, na manta ban hwaɗa muku ba. Jiya anka haihu Kamarawa, gidan yayata. Ɗiya mace. Da ita da uwar lahiya lau, kukanta har bakin rijiya aka jin shi."

Wuri ya ɗauki barka da Allah ya raya. Na ga ƙafarsa ta matso, ta ɗan shuri taya kusa da kaina.

"Kai na ƙasa," ya ce, "wanga noti taurin kai gare shi. Kada ka yi gaggawar hitowa."

Na rungume sifana a ƙirjina, na cusa hannun rigata a baki, na yi kukan da na tara tun daga ranar da gidanmu ya yi shiru, ƙasa da tsohon giris suna zubo mini a fuska. A sama ana ta hira da kurɓar shayi, ba wanda ya sunkuyo. Sai da aka kira azahar na gama ɗaure notin.